Sunan Ɗan Fari a Gadon Asibiti

Mutum uku ne a duniya ba sa iya faɗin sunan ɗana na fari, kuma mu ukun ne muka fi kowa kusa da shi. Sunan kakansa aka mayar masa, wanda ya rasu ina da cikinsa. Ubansa ba zai kama sunan mahaifinsa gatsau ba, sai ya ce Baba. Surukata, wadda muke ce wa Inna, ba za ta ambaci sunan mijinta ba ko yana kabari, sai ta ce Angona. Ni kuwa kayana sun fi na kowa nauyi, ga sunan suruki, ga ɗan fari. Ko laƙabi ban ba shi ba. In dole ta kama in ce "kai", in ba ya wurin in ce "yaron nan".

Kada wata 'yar zamani ta karanta wannan ta kama haɓa wai an zalunce ni. Haka na tashi na ga uwata tana yi wa babban yayanmu, ba ta kiransa, ba ta kallonsa a gaban mutane, in ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi. Mu kunya muka san ta, kuma ado ce. Da aka yaye yaron Inna ta zo har Legas ta goya abinta zuwa ƙauyenmu can ƙasar Katsina, ban yi kuka a gaban kowa ba. Banɗaki na shiga na buɗe famfo.

Mijina akawu ne a wata ma'aikata. Shekarar da gwamnati ta kwashe komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, aka kwaso mu tare da kujeru da tulin takardu ɗaure da igiya. Aka ba mu ɗaki biyu a hawa na uku a Garki. Wai birni! Titi fetal kamar filin idi, ba mai tafiya a kai sai katafila da motocin yashi. Maƙwabciyata ta dama Bayarabiya, ta hagu Inyamura, kowa ta kulle ƙofarta tana kewar Legas. In na leƙa taga, jar ƙasa ce da duwatsu da gine-ginen da ba a gama ba. Ba gidan suna, ba gidan biki, ba wata gwaggo da zan je in yi wa wuni. A garin nan kaf ba mu da ɗan'uwa, ba mu da ko kabari ɗaya.

Da bazara Inna ta zo ganin sabon gida, ta taho da yaron. Ya kai shekara huɗu, ya yi wayo, baki kamar reza. Yaya yake ce mini, don haka ya ji ana cewa. Wata safiya ina tsinke zogale ya zo ya tsaya a kaina, hannu a ƙugu kamar mai karɓar haraji.

"Yaya, ke ba ki san sunana ba ne?"

Na ce, "Tafi can, sarkin surutu."

Ya ce, "Malaminmu ya sani. Yaran gidanmu ma sun sani. Bari in gaya miki." Ya faɗa da ƙarfi, har da suna na biyu na kakan nasa. Inna tana daga ɗaki tana dariya tana cewa Angona zai kashe ta. Ni na sunkuyar da kai a kan zogalena, zuciyata fal, bakina gum.

Ba a yi mako ba zazzaɓi ya kama shi. Da farko muka ce canjin ruwa ne. Sai amai, sai ciwon kai har yana dukan goshinsa, sai wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa. Da ya fara jijjiga idonsa ya kakkafe, Inna ta yi salati ta ce sanƙarau ne, ta san shi, ya taɓa share musu rabin unguwa. Uban ya saɓa shi a kafaɗa muka sauka bene a guje.

Ɗakin yaran asibitin dogo ne, gadaje jere hagu da dama, fanka tana juya zafi. Likitar da ke duba su mace ce 'yar kudu, siririya, ba ta da yawan fara'a, Hausarta irin ta Abuja, namiji ya zama mace, mace ta zama namiji. Aka ɗebi ruwa a bayansa, aka sa masa ƙarin ruwa, aka fara allura. Washegari da safe ta zo zagaye, ta tsaya a kansa ta ce, "Ina mama yaro?"

Inna ta ce, "Ga ni."

Likita ta dubi furfurarta, ta dube ni. "Wanda ya haife shi."

Na matso kamar wadda aka kama da sata. Ta ce in kira sunansa, tana so ta ga ko zai juyo, don muryar uwa yaro ya fi amsawa. Ana cikin haka wata nas ta yar da kwanon ƙarfe a can ƙarshen ɗakin, yaron ya zabura, gaba ɗaya jikinsa ya girgiza. Wannan na gani da idona, yana ji a ranar. Likita ta ce, "Madam, kira mana." Inna tana gefena, uban yana tsaye, ga matan ɗakin duk sun zubo ido. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "kai", shi ma can ƙasa-ƙasa, ni kaina da ƙyar na ji.

Likita ta juya ga uban, ya ce Baba. Ta juya ga Inna, ta ce Angona. Ta dubi katin da ke hannunta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Oga, wane irin gida ne wannan? Yaro yana da suna, ba mai kira?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata, ke da ko gaisuwa ba ki iya ba za ki koya mana haihuwa? Amma ita ba ta tsaya ba. Ta ɗaga fatar idonsa ta haska 'yar tocila. Ta matse masa farce ta ga ko zai janye hannu. Ta danna tafin ƙafarsa har ya yi fari, ta saki tana jiran jini ya dawo. Ta sa bayan hannunta a gwiwarsa ta gangara zuwa yatsu, ta tsaya tana kallon ƙirjinsa yana hawa da sauka. Uban ya tambaye ta ko zai tashi.

Ta ce ita ba Allah ba ce. Ta ce amma jikin yaro yana magana, su aikinsu saurare. Idon da ke tsukewa in ya ga haske, hannun da ke gudun zafi, ƙafar da ke da ɗumi, fitsari, numfashin da ba ya sarƙewa, idon da ke bin fuskar mutum, amsa kira. In suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, yaro yana hanyar gida. In suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, to. Ba ta ƙarasa ba. Ta ce alama ɗaya ba ta yanke hukunci, sai an haɗa su. A ranar nasa yawanci ba su da kyau, kuma ba ta ɓoye mana ba.

A cikin duk wannan bayani abu ɗaya Inna ta riƙe, amsa kira. Ni kuwa na haɗiye su duka kamar karatun allo.

Zaman jinyar nan shi ne kurkukun da ban taɓa shiga irinsa ba. Inna ce a kan kujerar bakin gado, don ɗanta ne, ita ta raine shi. Ni ina kan tabarma daga wajen ƙafafu, matsayina wanki da kawo ruwa. Ba ni da ikon shafa kansa. Ba ni da ikon kuka, don in na yi za a ce dubi marar kunya tana yi wa ɗan fari kuka a gaban uwar miji. Gida kuma ba na iya komawa, in na hau benen nan na ga 'yan takalmansa a bakin ƙofa sai in ji numfashina yana ɗaukewa. Gaba kura, baya siyaki. Abin da ya rage mini ƙafafunsa ne, su ke kusa da ni. In Inna ta fita alwala sai in zura hannu ƙarƙashin zane in kama su. Sanyi ƙalau kamar randa.

Kuma wannan ilimin da likita ta ba ni bai bar ni na huta ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na koma ina karanta 'ya'yan mutane ba tare da na so ba. Akwai wata yarinya a gadon da ke fuskantarmu, na ga numfashinta ya koma dogo mai zurfi, na ga an matse farcenta hannun bai motsa ba, na san abin da ke tafe tun uwarta tana fifita tana mata waƙa. Kafin la'asar aka naɗe ta a zane. Wallahi na tsani kaina a ranar, na tsani likitar da ta buɗe mini ido. Da ban sani ba da na zauna da addu'ata kamar kowa.

A gadon da ke kusa da namu wata mata ce 'yar Gbagyi, mu da muke ce musu Gwari, daga wajen Durumi. Manomiya ce, hannunta kamar itace, ɗanta ma sanƙarau. Ita ba ruwanta, rungume shi take tana sumbatarsa tana kiran sunansa tun safe har yamma, har ya ishi mutane. Ta gaya mini inda aka gina asibitin nan gonar doyar kakanta ce. Ita ce ta kama ni da hannu a ƙarƙashin zane. Ba ta yi dariya ba, ta dai matso ta ce, "Mama yaro, kai kana son shi, me ya sa kana ɓoye kamar ɓarawo?"

Na ce, "Ke dai ji da naki." Haka na ce mata, da tsawa ma. Ta kaɗa kai ta miƙo mini dafaffiyar gyaɗa.

Kwanaki suka ja. Jijjigar ta ragu, sannan ta daina. Wata rana na ga zanen gadonsa ya jiƙe da fitsari, na kwashe na kai famfo ina wanki ina murmushi kamar mahaukaciya. Da nas ta zo sauya allurar hannunsa, na ga ya ɗan janye. Ƙafafun da nake kamawa a ɓoye suka fara ɗumi, daga dunduniya zuwa yatsu. Duk ina tarawa a zuciyata, ba wanda zan gaya wa. Sai dai kira. Inna takan sa bakinta a kunnensa ta ce, "Angona, Angona, tashi ga amaryarka," ko gezau. Kullum sai ta gwada, kullum shiru. Kwanon ƙarfe ya sake faɗuwa, kowa ya zabura ban da shi.

Ranar da Inna ta yanke shawara, a gabana ta yi, kamar ba na wurin. Ta ce wa ɗanta, yaron nan ya riga ya yi nisa, likita da bakinta ta ce amsa kira, ga shi ba ya amsawa. Ta ce ba za ta bari mai sunan mijinta ya cika a garin da ba wanda ya san shi ba, a binne shi a cikin jar ƙasar da gobe katafila za ta bi ta kai a yi titi. A nemo mota a kai shi gida, ya cika a ɗakinsa, a kwantar da shi kusa da kakansa. Tana faɗa tana hawaye. Ba mugunta ba ce, na rantse, babu wanda ya kai ta son yaron nan a fili. Kuma a wurinmu haka ake yi, in an ga mutum ya ɗauki hanya gida ake kai shi.

Mijina ya ce, "To, Inna." Me zai ce? Mutumin da ko a ofis bai iya musu ba, balle da uwarsa. Da na bi shi baranda na ce masa ƙafafun sun yi ɗumi, sai ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Ke ma kin san ba ni da ta cewa. Ke ma ba ki da ita."

Da hantsi ya zo da direba. Inna ta riga ta ƙulle kayanmu a zane. Likita tana zagaye aka gaya mata, ta taho da sauri har takalminta yana ƙara. Ta ce wa uban ba za ta riƙe yaro da ƙarfi ba, nasu ne. Amma in aka zare ruwan nan aka tsayar da allura, aka sa shi a mota cikin wannan rana, ba ciwon ne zai kashe shi ba, hanya ce. Ta ce alamun da ta lissafa mana suna dawowa, saura kaɗan. Inna ta ce, "'Yar nan, ki yi haƙuri, ke yarinya ce. Ni na ga mutuwa kafin a haifi uwarki." Ta sunkuya ta kira Angona, ta sake kira, ta ɗago ta buɗe hannuwa. Uban yana kallon siminti. Nas ta matso za ta zare allura.

Ina zaune a wajen ƙafafu, hannuna a ƙarƙashin zane. Yatsunsa suna cikin tafina da ɗuminsu. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Inna, ba inda za a kai shi."

Tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da ita ba sai ranar. Ta ce, "Me kika ce?"

"Na ce ba inda za a kai shi. Ɗana ne. Ni na haife shi."

Na ture kujerarta na wuce wajen kansa, inda ban taɓa tsayawa ba. Na dafa gadon da hannu biyu, na sunkuya har numfashina yana taɓa fuskarsa, na kira sunan. Ba a hankali ba. Na kira shi yadda shi ya faɗa mini ranar zogale, da ƙarfi, har da na kakansa na biyu. Sunan ya fito mini baƙo a baki, harshena bai san hanyarsa ba. Har matar Gbagyin nan sai da ta saki baki.

Bai juyo ba. Bai ko motsa ba.

Inna ta ce, "To kin gani. Kin zubar da kunyarki a banza."

Zan ɗago ke nan likita ta dafa bayana ta ce, "Madam, tsaya haka. Kar ka yi magana." Idonsa a ɗan buɗe yake, kamar yadda ya saba kwanakin nan, ba ya kallon komai. Ta ce in matsar da fuskata hagu a hankali. Na matsar. Ƙwayar idon ta biyo ni. Ta ce in koma dama. Ta sake biyo ni, a gajiye, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, amma ta biyo.

Likita ta ce, "Wannan nake jira. Oga, ka sallami direba."

Sannan ta zagaya bayan kansa inda ba zai gan ta ba, ta tafa hannu da ƙarfi kusa da kunnensa. Ta koma ɗaya kunnen ta tafa. Idonsa yana kaina, ko ƙiftawa bai yi ba. Na ga fuskarta ta sauya, amma ba ta ce komai ba a ranar. Inna ta zauna a bakin tabarmata, ta kwance ƙullin kayan da hannunta, ta fito da zani mai tsabta ta miƙo mini. Ni na sauya masa. Ba ta sake hawa kujerar ba har aka sallame mu, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar abin da na yi ba.

Ya tashi. Sai da ya sake koyon zama, ya sake koyon tafiya yana bin bango. Kunnen ne bai dawo ba. Likita ta ce sanƙarau yakan yi haka, yakan bar rai ya tafi da ji, kuma tun cikin kwanakin farko ya tafi da nasa. Maganar tasa mai kamar reza ta yi ta dusashewa, tun yana faɗin kalma rabi-rabi har ya bari. Da Inna za ta koma gida ta ce a bar shi nan kusa da likitoci. Ta faɗa tana kallon bango, ta fita ba ta waiwayo ba. Haka ɗana ya dawo hannuna.

Yanzu a Lugbe muke, uban ya yi ritaya, garin da na sani fetal ya cika har ba wurin tofa yawu. Yaron nan ya zama magidanci, tela ne, shagonsa yana jikin gidanmu. Yana karanta bakin mutane tsaf, in ka tsaya gabansa ka yi magana ba abin da zai wuce shi. Da zan tsaya a gabansa in faɗi sunan, zai gane. Na sha shiryawa, Allah ya sani. In na kai masa abincin rana nakan tsaya a bakin ƙofa, ya ba ni baya yana taka keke, in kira sunan, in sake kira, yanzu harshena ya saba har daɗi yake mini. Sai ya ga inuwata a bango ya waiwayo, ya ɗaga gira yana tambayar me na ce.

Sai in nuna masa kwanon, in yi masa alama ya ci kada ya huce.